Hoton da Mai Shara Ya Ƙi Ɗauka

Nasani ya ƙudura a ransa cewa Gwaggo na dawowa daga tafiya shi ne mataimakin shugaba. Ba wanda ya yi masa alkawari. Abin da ta faɗa ranar da za ta tafi, tana zuge bakin jakarta, shi ne, "In na dawo zan naɗa wanda zai riƙa riƙe mini wurin nan." Mu duka magana muka ji. Shi sunansa ya ji.

Bari in jero muku mutanen tun kafin su zille mini, don kaina yanzu ya zama rariya. Gwaggo ita ce mai ofishin, ɗaki biyu a saman wani kantin fenti, inda ake rubuta wa makarantu manhajar kwamfuta. Nasani ɗan wanta ne. Shi ya fara ce mata Gwaggo kowa ya ɗauka, har ni da na koyar da ita nahawu tana ƙarama. Sunansa na yanka ya ɓace mini, kuma ba ni kaɗai ba, domin ba ka isa ka kai aya a magana ba sai ya tare ka da "na sani". Akwai Allura, 'yar ƙanwar Gwaggo, abokiyar wasansa, 'yar firit ga tsini. Akwai Gyangyaɗi, ma'aikaci nagari in ya farka. Ni kuwa bayan na yi ritaya aka ba ni tebur kusa da taga, ina gyara musu Hausa, in sa ƙugiya inda suka manta, in raba kalmomin da suka liƙe.

Aikinsu duka a kwamfutar da ke kusurwa suke zuba shi, suna ce mata rumbu. Kowa na da kofin rumbun, wato kwafinsa, a tasa kwamfutar, kuma kowa na da reshensa, wato layin aikinsa mai suna. In ka yi gyara ka tura, in kana son na wasu ka janyo. Abin da ya ba ni mamaki da rumbun nan, ba ya mantuwa. Duk zubin da aka taɓa yi yana nan, da lambarsa da sunan mai shi da ɗan bayanin da ya rubuta. Na sha yi masa kallon hassada.

To, wata safiya, ko Talata ko Laraba, Nasani ya riga kowa zuwa don ya gwada zaman mataimaki. Ya shiga ɗakin Gwaggo, ya hau kujerarta mai juyawa wadda ko ƙura sai ta yi sallama kafin ta sauka a kanta. Ya maƙala tabaraunta na karatu, ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafafu a kan tebur, ya ɗauki hatiminta ya ɗaga sama kamar zai yanke wa duniya hukunci. Ya jingina wayarsa da kofin shayi ta ɗauke shi hoto.

Hoton ya yi masa daɗi, sai dai tumbi. Ya kai shi kwamfuta don ya rage, ya ajiye shi cikin hotunan aikin wata makaranta da suke yi wa manhaja, ya raɗa masa suna "shugaba". Kwamfuta ta ce akwai mai wannan suna, a danne shi? Hoton shugabar makarantar take nufi, wanda shafin farko ke nunawa. Nasani ya ce wa kwamfutar, "Na sani," ya danna. Da rana ya tattara gyare-gyarensa gaba ɗaya ya tura rumbu.

Sai da ya buɗe shafin farko ya yi ido huɗu da kansa. Na ji ya ce "Innalillahi" a hankali, irin na wanda ya taka ƙusa a gidan surukai. Nan take ya goge hoton, ya tura, ya rubuta bayani: "An goge wani hoto maras amfani, ba sai an duba ba."

Ku gaya mini, wane ɗan Adam ne zai ga "ba sai an duba ba" ya wuce?

Ga shi kuma shafin farko bai san an yi rasuwa ba. Yana nan yana kiran "shugaba", babu mai amsawa, sai wani farin akwati fayau a tsakiyar allo, kamar mai sallama a gidan da aka tashi. Allura ta koma baya cikin tarihi don ta ɗauko hoton shugabar na ainihi. Ta ɗauko ta mayar. A hanya ta gamu da abin da ta gamu da shi.

Ta miƙe tsaye, ta rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, mataimaki. Safarka ta huje."

"Wace safa?"

"Ta hagu. Babban yatsa ya leƙo yana gaida jama'a."

"Ke Allura, na goge abin nan da hannuna!"

"Ka goge shi daga yau, ɗan kawu. Jiya fa, wa zai goge maka?"

Nasani ya sha mur, ya gyara wuyan riga. "Yarinya, tarihi mutum ke rubuta shi. Ni da kike gani, tun kina cin ƙasa nake juya rumbu kamar waina a tanda." Na so in tuna masa cewa watanni kaɗan ya ba ta, amma kafin in harhaɗa maganar ya wuce.

Ya kwana biyu yana gumi. Ya feɗe tarihin rumbun, ya zare zubin da hoton ke ciki, ya ɗinke bakin, ya tura da ƙarfin tsiya. Allura ta duba sama ta duba ƙasa, babu hoto. Nasani ya aika aka sayo lemo, ya leƙa ta taga ya kira mai fenti na ƙasa ya zo ya taya shi murna, ko da yake bai gaya masa murnar mece ce ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, kwalba a hannu.

"Akwai masu amfani da kwamfuta," in ji shi, "akwai waɗanda kwamfuta ke jin tsoronsu. Ni in na ce abu ya mutu, ko kabarinsa ba a gani."

Ya fasa kwalbar, ta yi fus. Ƙarar ta tada Gyangyaɗi. Ya ɗago kai, shaidar madannan kwamfuta a kumatunsa, ya ce, "Subhanallahi, ban tura aikina ba." Ya danna abu ɗaya, ya mayar da kai. Reshensa kuwa tun kafin fiɗar tarihi ya tsiro, da hoton da komai a jikinsa.

Kwamfutar Allura ta yi ƙara, ƙil. Allura ta juyo da allon, ga hoton ya dawo.

Mai fenti ya matso, ya ƙanƙance ido. "Kai, maƙwabci! Wallahi ka yi kyau. An ƙara maka girma ne ba ka faɗa ba? In kana so in zana maka shi a allo babba, mu kafa a bakin titi. Safar ma zan cike maka da fenti, ba wanda zai gane."

"Sauka ka koma kantinka."

"Da lemon ko in bari?"

Kafin la'asar duk layinmu an san Nasani ya hau kujerar Gwaggo. Mai gyaran waya ya ɗago masa hannu ya ce, "Shugaba!" Mai wankin mota ya tambaye shi ko ofis na ɗaukar ma'aikata yanzu da mulki ya canja hannu.

Washegari ya lallaɓa Gyangyaɗi ya feɗe nasa reshen shi ma. Yanzu zubin hoton ba ya jikin reshen kowa, yana can cikin rumbu yana reto shi kaɗai.

"Ya tafi kenan," in ji Nasani.

"Yana nan," in ji Allura. "Wanda ya san lambarsa zai iya kiransa. Ni kuwa na haddace ta kamar lambar wayar babata. Sai mai shara ya bi ta kansa zai tafi."

Ashe akwai wani abu a cikin rumbun da suke kira mai shara, yana zagayawa lokaci-lokaci yana kwashe tarkace. Idon Nasani ya yi haske.

"Shi kenan! In kira shi yanzu. Amma bari in sa wa abin alama, kada ya zo ya rasa wanda zai ɗauka."

"Ɗan kawu, mai shara fa abin da ba shi da..."

"Na sani."

Ya liƙa wa zubin suna: "a-share-wannan". Ya kira mai shara. Mai shara ya zo, ya zagaya, ya fita. Hoto na nan daram.

"Bai gani ba ne," in ji Nasani. Ya ƙara wani sunan: "a-share-wannan-da-gaske". Mai shara ya sake zuwa ya wuce ta gefensa kamar mai tsoron taka tabarmar liman. Nasani ya naɗe hannun riga. Ya sa "mai-shara-nan-nake-nufi". Ya sa "kai-makaho-ne". Da ya ga faɗa bai yi ba ya koma lallashi, ya sa "don-girman-iyayenka". Na ga gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan madannai.

Na ja kujera kusa da Allura, na ce, "'Yata, ƙarasa mini maganar da aka katse miki. Ni ban sani ba."

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Malam, mai shara ba ya karatu. Ba ruwansa da abin da aka rubuta. Abu ɗaya yake dubawa: akwai sunan da ke nuna abin nan? In akwai, to na wani ne, ba ya taɓawa. In babu, shara ce."

"Kenan sunan shi ke riƙe da shi?"

"Kamar igiya a wuyan akuya. Shi kuwa tun safe igiya yake ƙarawa."

"Ba za ki gaya masa ba?"

"Ai ya sani, Malam."

Tausayi ya kama ni. Na tashi na taka har teburinsa da niyyar in gaya masa. Da na isa, na tsaya a kansa, ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi. Abin da ya kawo ni ya tashi fir kamar tsuntsu. Don kada tsayuwar ta zama banza na ce masa kalmar "ɗalibi" da ya rubuta a shafi na biyu ba ta da ƙugiya. Ya ce ya sani. Na koma wurina.

Ana cikin haka, wata safiya Gwaggo ta bugo waya. Ta sauka, kuma bayan cin abincin rana za ta iso tare da shugabar makarantar, a nuna mata aikin da aka gama. A share ofis, a kunna babban allo.

Nasani ya yi zagaye uku a ɗaki, ko huɗu, sannan ya tsaya cak ya bugi goshinsa.

"Na gano! Sunaye ne suka yi wa mai shara yawa. Reshen wannan, reshen wancan, ya ruɗe. In na kawar da sauran ya rage nawa kaɗai, ko jaki ne ya gane inda ake nuna masa."

Ni kaɗai na ji, kuma na ɗauka da kwamfuta yake magana kamar kullum.

Da Allura ta fita sayen abinci ya faɗa wa aiki. Ya bi rassan rumbu ɗaya bayan ɗaya yana cire musu suna, har da babban reshen da ake tara aikin kowa. Sannan ya tuna da abin da ya same shi ranar lemo, ya ce ba za a sake yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Ya goge kofin da ke kwamfutarsa, ya goge na Allura da ta bari a buɗe, ya zo ya ce, "Malam, ɗan matsa," ya goge nawa.

Saura na Gyangyaɗi. Shi kuwa ya rufe kwamfutarsa ya yi matashi da ita, ya rungume ta da hannu biyu. Nasani ya kama gefe ya ja a hankali. Gyangyaɗi ya biyo ta. Ya ja hagu, kai ya bi hagu. Ya ɗauko ƙamusuna ya gwada cusa masa a madadi, Gyangyaɗi ya yi gurnani ya ce, "Bari, Inna, yau ba makaranta," ya ƙara ƙanƙamewa. Nasani ya sa ƙafa ya dafe tebur ya ja da ƙarfi, hannunsa ya suɓuce, ya tafi da baya ya zauna cikin kwandon shara. Ya ɗan jima a ciki yana tunani.

"Bar shi," ya ce da ya fito. "Wannan ba zai farka ba sai an tashi aiki."

Ya koma rumbu ya kira mai shara, ya ba shi umarnin kada ya jira komai, ya kwashe yanzu-yanzu. Wannan karon mai shara bai leƙo ya fita ba. Kwamfutar kusurwa ta ɗauki gurnani, fankarta na hurwa kamar za ta tashi sama. Da ta lafa, ta rubuto cewa an kwashe kaya masu ɗimbin yawa.

Nasani ya daka tsalle. "Malam, ka gani? Ka ga aiki? Da ma tsawa yake jira!" Ya yi 'yar rawa daga tebur zuwa ƙofa. Yana cikin juyi aka ji takun takalma a matakala.

Gwaggo ce a gaba, sai shugabar makarantar, wata dattijuwa mai natsuwa, da malamanta biyu, sai Allura riƙe da ledar abinci. Mai fenti ya biyo su da sunan taya ɗaukar jaka. Aka gaisa, aka zazzauna a gaban babban allo. Allura ta nufi kwamfuta, Nasani ya tare ta da hannu.

"Gwaggo, ki huta. Yau ni zan ja ragamar. Ranki ya daɗe, abin da za ki gani yanzu, ba a taɓa nuna wa wata makaranta irinsa ba."

A nan dai bai yi ƙarya ba.

Ya buɗe rumbu don ya zaɓi babban reshe. Babu babban reshe. Babu ƙarami. Abin da ya fito a allo, da manyan baƙaƙe, jerin sunaye ne. Gwaggo ta ɗauko tabarau ta karanta a bayyane, a hankali, yadda na koya mata.

"A share wannan. A share wannan da gaske. Kai makaho ne." Ta juyo. "Wane ne makahon?"

"Sunayen sirri ne, Gwaggo. Haka ƙwararru ke yi saboda ɓarayin intanet."

"Don girman iyayenka?"

"Shi ne mafi tsaro."

"To buɗe mana shi."

Babu wani abin buɗewa in ba su ba, kuma dukkansu wuri ɗaya suke nuni. Ya danna. Shafin farko ya bayyana, ya cika bango. Ga Nasani a kujera mai juyawa, tabarau a karan hanci, hatimi a sama, ƙafafu a tebur, babban yatsa a waje. A ƙarƙashinsa, da Hausa mai kyau wadda ni na gyara da hannuna, an rubuta: "Saƙon Shugabar Makaranta: 'Ya'yana, ku dube ni ku yi koyi."

Ɗaya daga cikin malaman ya sa hannu ya toshe bakinsa, dariyar ta fita ta hanci. Shugabar ta cire gilashinta ta goge, ta mayar, ta ƙura wa bango ido.

"Ni dai na san na aiko hoto," in ji ta. "Amma ban tuna ina da gemu ba."

"Ranki ya daɗe, ai na ce masa ya kawo in gyara safar," in ji mai fenti.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. "Tabarauna ne wancan?"

"Kama ce, Gwaggo."

"Kujerar ma kama ce? Waccan kuma ƙafa ce a kan teburina, ko ita ma sunan sirri ce?" Ta juya ga Allura. "Cire mana wannan abin, ki nuna wa baƙi jadawalin darasi da shafin sakamako."

Allura ta zauna tana murmushi. Ta danna, ta sake dannawa, murmushin ya tsane. Ta ruga teburinta ta dawo.

"Gwaggo, babu. Duk abin da muka yi tun daga ranar hoton nan babu. Ya cire wa aikin suna, mai shara ya kwashe. Kofina ma ya goge. Abin da ya ɗaure da igiya ne kaɗai ya rage."

Nasani ya yi gyaran murya.

"Amma a lura da wani abu, Gwaggo. Duk faɗin rumbun nan, abin da na sa wa hannu ne kaɗai ya tsira. Wannan ai shaida ce."

Gwaggo ta fara tuɓe takalminta na dama. Ban san me ta yi niyya ba, kuma ba mu sani ba har yau, domin a daidai nan wani dogon minshari ya taso daga bayan ɗaki. Kowa ya waiwaya. Allura ta dubi kan Gyangyaɗi, ta dubi abin da ke ƙarƙashin kan.

"Ɗan kawu, wannan ma ka goge?"

"Ya ƙi saki."

Gwaggo da kanta ta je, takalmi ɗaya a ƙafa, ta tallafi kansa kamar na jariri, Allura ta zare kwamfutar. Ashe bawan Allah kullum da safe sai ya janyo aikin kowa kafin barci ya ɗauke shi, don kada a ce bai yi komai ba. Jadawali na nan, sakamako na nan, hoton shugabar na nan ba gemu. Aka mayar da komai rumbu, aka nuna wa baƙi. Shugabar ta yaba, ta sa hannu a takarda. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce a tura mata wancan hoton na farko, akwai malamin da take so ta nuna wa yadda ba a zama.

Da suka sauka, Gwaggo ta shiga ɗakinta, ta sa tsumma ta goge tebur, ta zauna ta kira mu.

"Na ce zan naɗa mataimaki."

Nasani ya matso taki ɗaya. Wallahi ya matso. Allura ta gyara mayafi.

"Ke kuma kada ki gyara komai. Kina kallo yana haƙa rami a tsakar gida kika tsaya dariya."

"Gwaggo, na buɗe baki ya ce ya sani!"

"Yaushe bakinki ya fara rufuwa don wani ya ce ya sani? Ku taso mini Gyangyaɗi. Duk ofishin nan shi kaɗai na bari na dawo na tarar bai ɓata komai ba."

Aka taso shi, aka gaya masa ya zama mataimakin shugaba. Ya ce, "Na wa?" Aka ce na Gwaggo. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya tambaya ko muƙamin na da kujera mai jingina.

Nasani ya ce, "To Gwaggo, tunda komai ya wuce, bari in cire sunayen nan mai shara ya ɗauke hoton. Yanzu na gane yadda ake yi."

"Cire naka," in ji ta. "Amma tsaya tukuna."

Ta jawo madannai gabanta, ta sa Allura ta nuna mata wurin. Da yatsa ɗaya, tana neman baƙaƙe ɗaya-ɗaya, ta liƙa wa zubin hoton suna nata na kanta, ta ce duk wanda ya taɓa shi ya nemi wani aikin. Na leƙa don in ga ko akwai ƙugiyar da za a gyara. Babu. Kalma ɗaya ce: "dalili".

"Dalilin me, Gwaggo?"

"Shekara mai zuwa za ka zo ka tambaye ni me ya sa ba a ƙara maka girma ba," in ji ta. "Ni kuma na fara tsufa, ba na son dogon bayani."